Tsakanin Dariyar Ibro Da Damben Jo: Gardamar Masu Kallo A Sarkin Yamma

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Sarkin Yamma a ranakun Litinin da Juma'a, wato ranakun da babbar kasuwar birnin ke ci, ya san yadda hanyar ke cika da la'asar sakaliya. Ga amalanke ga babura, ga mata da buhunan zogalen da suka koma wayam, ga masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kowa na lissafin abin da ya samu da wanda ya bari bashi. To, idan aka yi sallar isha'i aka ci tuwo, akwai abu guda da ke tara mafi yawan waɗannan bayin Allah wuri ɗaya, shi ne kallo. Maza a rumfar mai shayi gaban tele mai aiki da farantin hasken rana, mata kuma a cikin gida, mutum biyar ko shida a kan wayar salula guda. Cikin abin da ake kallon kuwa, wasan ban dariya ne ke kan gaba.

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu shi ne wata gardama da ta kaure a gidanmu. Wani ɗanmu da ke karatu a jami'ar Maraɗi ya zo hutu da wani tsohon littafin zane-zane na ƙasar Japan a cikin wayarsa, irin wanda su ke kira manga, labarin wani ɗan dambe. Ya riƙa nuna wa ƙannensa hotunan yana fassara masu daga Faransanci, kafin mako ya zagayo iyayensu mata sun matso da tabarminsu. Daga nan aka rabu gida biyu. Wasu suka ce wanda ya wuni a rana yana ciniki ba ya bukatar a ƙara masa baƙin ciki da dare, a sa masa Ibro kawai ya yi dariya ya kwanta. Wasu kuma suka ce sun daɗe ba su ji labarin da ya yi kama da rayuwarsu kamar na wannan yaro na Japan ba.

Kafin mu zo ga yaron, bari mu fara da abin da muka sani, domin dariyar tele ba yau ta zo mana ba. Idan masu karatu ba su manta ba, a zamanin mulkin Seyni Kunce, wanda ya riƙe ƙasa daga 1974 zuwa 1987, an riƙa ajiye akwatunan talabijin na jama'a a garuruwa, inda gari guda ke taruwa a dandali don kallon Télé Sahel. A nan ne sunan Yazi Dogo ya shiga kowane gida. Malamin makaranta ne, kuma shi da abokan wasansa, haka ma ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, ba sa rubuta maganar wasa kalma bayan kalma. Sukan zauna ne su daidaita kan labari, a raba wa kowa matsayinsa, sauran kuma sai abin da bakin mutum ya ba shi a fage. Wannan ne ya sa Hausarsu ke fita kamar ta rumfar kasuwa, ba kamar ta takarda ba. Daga ƙetaren iyaka kuma ga Samanja Mazan Fama, wato Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya mayar da zaman bariki da Hausar barikanci abin dariya a rediyo da talabijin na Kaduna, ga Ƙasimu Yero na shirin Karambana, ga Karkuzu daga Jos.

Dattawan da suka ga wancan zamani ra'ayinsu ɗaya ne, ba sa sauya shi: a da ana dariya ne a tashi da darasi, yanzu kuwa sai ihu da guje-guje. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Su ma wasannin da, da yawansu saƙon hukuma ne aka lulluɓe da dariya, a biya haraji, a kai yara lakwal, a je awon ciki. Ba laifi ba ne, sai dai kada a ɗauka cewa 'yan wasan na faɗin duk abin da ke ransu ne a ƙarƙashin mulkin soja.

Wanda ya karya wancan tsari shi ne Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda duniya ta sani da Ibro. Tsohon gandiroba ne daga jihar Kano, kuma da kaset ɗin bidiyo ya shigo mana, ba ta gidan talabijin na gwamnati ba. Ibro bai zo yi wa kowa wa'azi ba. Talaka ne mai yunwa da dabara, yau shi ne direba, gobe boka, jibi maigadi, kullum yana neman inda zai ci banza, kullum asirinsa na tonuwa, a bi shi da gudu. Masu sayar da kaset a Maraɗi na wancan lokaci sun san cewa in dai da hotonsa a bayan kwali, kaya ba ya kwana. Bai kuma tsira daga hukuma ba, domin a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace fina-finai ta Kano ta yanke masa ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Bayan da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 sai aka koma ga shirye-shirye masu dogon zango, irin su Daɗin Kowa, da kuma Gidan Badamasi da ya fara a 2019, labarin tsohon attajiri mai maƙo da tarin 'ya'yan da kowannensu ke harin dukiyarsa.

A nan ne ra'ayin mata 'yan kasuwa ya bambanta da na maza, kuma muna ganin ya kamata a saurare su. Suna son waɗannan wasanni, su ne ma suka fi kowa kallonsu, amma suna da ƙorafi. A duba da kyau a ga yadda ake nuna mace mai sana'a. Dillaliya kullum ita ce mai kai gulma gida-gida da kashe aure. Mai ƙosai ko mai abinci kullum masifaffiya ce da ake ci wa bashi a gudu, jama'a na dariya. Ɗan kasuwa kuwa ko dai Alhaji ne mai rowa ko mai algus da ya buga gindin mudu. Ba mu ce babu irin waɗannan a cikinmu ba, akwai su, kowa ya san rumfarsu. Amma matar da ta tashi tun asuba ta tsinki zogale a fadamar Gulbi, ta dafa ko ta shanya, ta biya kuɗin amalanke da na rumfa, ta dawo ta zuba adashi, ta sayi littafin yaro daga abin da ya rage, ba kasafai ake ganin ta a tele ba. Kuma idan Ibro ya cinye tuwon mai abinci ya zura da gudu, mai tuwon gaske da ke kallo takan yi dariya tare da kowa, amma ta san nawa ne kwanon nan.

Ƙorafi na biyu shi ne na mayar da baƙauye da Bafillace da Buzu abin dariya. Wani zai ce ai wasan barkwanci gadonmu ne, tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Zabarmawa, har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Haka ne. Sai dai barkwanci na da sharaɗi, wanda ka tsokana yana gabanka, zai rama, a tashi ana dariya baki ɗaya. Wanda aka kwaikwayi maganarsa a tele ba shi da bakin ramawa. Mu da ke zaune da makiyaya kasuwa ɗaya, muna sayen nononsu suna sayen hatsinmu, a yankin Madarumfa da ya sha fama da satar shanu da garkuwa da mutane, mun san cewa ba kowace dariya ce ke sanyaya zuciya ba.

To, yanzu ga labarin yaron na Japan. Sunan littafin Ashita no Joe, ma'ana Jo na gobe. Wani marubuci mai suna Ikki Kajiwara ne ya tsara labarin, da sunan aro na Asao Takamori, shi kuma Tetsuya Chiba ya zana. An riƙa buga shi kashi-kashi kowane mako a wata mujallar samari daga 1968 zuwa 1973, daga baya aka tara shi littafi 20, aka kuma mayar da shi fim ɗin zane na talabijin a 1970. Masu jin Faransanci sun samu fassararsa tun daga 2010.

Jo Yabuki maraya ne ɗan shekara 15, ba uwa ba uba, ba gida. Ya faɗo wata unguwar 'yan ga-ruwa da leburori a birnin Tokiyo, inda ake kwana a ɗakunan haya na kwana ɗaya. Japan ɗin da muka sani ta Toyota da Honda tana da irin wannan unguwa a lokacin, wannan kaɗai ya ba matan gidanmu mamaki. A can ya gamu da Danpei, wani tsohon ɗan dambe mai ido ɗaya da giya ta gama da shi, wanda ya ga yadda yaron ke faɗa ya ce lallai sai ya mayar da shi zakara. Jo bai ɗauki maganar da muhimmanci ba. Ya riƙa cin kuɗin tsohon, wanda ya bar giya ya koma leburanci dare da rana don ya ciyar da shi, har ya kai ga damfarar mutane da sunan taimakon marayu, aka kama shi aka kai gidan kangararrun yara. Zuwa nan, in ka cire sanyin ƙasar da tufafinsu, Ibro ne sak: yunwa, dabara, cin banza, tonon asiri.

Inda hanya ta rabu shi ne abin da ya biyo baya. Tsohon bai yi fushi ba, sai ya riƙa aiko masa da darasin dambe a katin wasiƙa, ɗaya bayan ɗaya. A cikin gidan yarin kuma Jo ya haɗu da wanda ya fi ƙarfinsa, Rikishi, ƙwararren ɗan dambe da ya shimfiɗe shi da naushi. Bayan sun fito suka ƙudura sai sun kara a fagen gaske. Damben Turawa kuwa ba kamar namu ba ne, ana raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyi, kuma ajin Jo bai wuce kilo 53 da rabi ba, alhali Rikishi ƙato ne. An ce mai zanen ne ya zana shi da girma tun farko ba tare da ya yi wannan lissafi ba, sai ya zama dole labarin ya biya kuskuren. Rikishi ya hana kansa abinci da ruwa, har ana ɗaure kan famfo da waya don kada ya sha da dare, ya rame ya zama ƙashi da fata. Ya shiga fage, ya kayar da Jo a turmi na takwas, ya miƙo hannu su gaisa, ya faɗi. Bai tashi ba.

Abin da ya faru bayan wannan ba a littafi ba ne, a duniya ne. A watan Maris na 1970 ɗaruruwan mutane suka taru a ofishin kamfanin Kodansha da ke buga mujallar, aka yi zaman makoki na sosai saboda mutumin da babu shi sai a takarda. Da ɗanmu ya faɗi wannan an yi dariya, an ce Japanawa ba su da aikin yi. Mu kuwa sai muka tuna yadda kasuwa ke ɗaukar zance washegarin da aka saki wata ko aka kashe wani a Daɗin Kowa.

Akwai mutum biyu a labarin da ba su ne taurari ba, amma a kansu gardamar gidanmu ta fi zafi. Na farko Nishi, ƙaton abokin Jo tun daga gidan kangararru, wanda suka fara dambe tare a wata 'yar rumfa ƙarƙashin gadar da ake kira Gadar Hawaye. Shi Nishi bai iya jure yunwar rage nauyi ba, ya saci jiki da dare ya je ya sayi taliya, Jo ya kama shi ya nushe shi a ciki har taliyar ta fito ta hanci. Nan kam an yi dariya kamar ana kallon Bosho. Daga baya ya ji rauni a hannu, ya bar dambe, ya kama aiki a wani kantin kayan masarufi na unguwar, ya riƙe amana, kanti ya bunƙasa. Ya bar neman zama Shago ya koma tsaron shago ke nan. Ta biyu ita ce Noriko, 'yar masu kantin, wadda da farko Jo take so. Ta zaunar da shi ta tambaye shi ko ba ya jin takaicin yadda samartakarsa ke ƙarewa a wurin da ba komai sai warin zufa da jini, alhali sa'o'insa na more rayuwa. Amsar da ya ba ta ta nuna mata cewa shi ya riga ya zaɓi ya ƙone ƙurmus a fage da ya yi ta hayaƙi a hankali har tsufa. Ta gane ba mijin aure ba ne, ta auri Nishi.

Samarin gidan suka ce Nishi rago ne, Noriko kuma ta ci amana. Iyayensu mata, babu wadda ta ware, suka ce a duk littafin ita kaɗai ce mai hankali. Mun fi karkata ga iyayen, kodayake mun lura cewa su ɗin ma ba su tashi daga tabarma ba sai da suka ga ƙarshen Jo. Ƙarshen kuwa shi ne, ya ci gaba da dambe har ciwon nan da yawan dukan kai ke jawowa ya kama shi, hannu na rawa, ido na dishi-dishi, ya kuma ga yadda wani abokin karawarsa ɗan Benezuwela ya koma kamar ƙaramin yaro saboda wannan ciwo. Duk da haka ya hau fage da zakaran duniya, Jose Mendoza ɗan Meziko, suka yi turmi 15 cur, alƙalai suka ba Mendoza. Hoton ƙarshe Jo ne zaune a kan kujera a kusurwar fage, ido rufe, yana murmushi, ya yi fari fat. Fiye da shekara 50 ke nan ana gardama ko ya mutu ko suma ya yi.

Ga inda muke ganin bambancin yake. A wasan ban dariya talaka ba ya jin ciwo. A yi wa Ibro dukan kawo wuƙa a wannan kaset, a kaset na gaba ya fito garau da sabuwar dabara. Wannan ne daɗinsa, shi ne kuma abin da ya ɓoye mana. Shi Rabilu Musa na gaske ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, bayan fama da ciwon ƙoda. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023. Karkuzu, wanda ya sa iyayenmu dariya shekara da shekaru, ya ƙare da makanta da rashin muhalli, har sai da ya fito ya nemi taimakon jama'a, ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya saya masa gida, kafin rasuwarsa a 2025. Abin da littafin Japan ya zana a fili, wato abin da mai nishaɗantar da jama'a ke biya da jikinsa, namu 'yan wasan sun biya shi a bayan labule, ba mu gani ba.

Kuma a nan muna da hannu, mu 'yan kasuwa. Tun da aka bar kaset da faifai aka koma turawa a waya, da 'yan daloli ake cika maka kati da fim ashirin ko talatin a bakin tasha, kuma ko dala ɗaya ba ta isa hannun wanda ya yi wasan. Wannan na cikin abin da ya durƙusar da kasuwar faifan Kano, ya kora masu shirya fim zuwa YouTube. Matar da ba za ta yarda a ɗauki ƙuli-ƙulinta guda ba a biya ba, ita ce ke kallon gumin wani kyauta kowane dare. Ba mu cire kanmu ba, wayarmu cike take.

Ta fuskar dambe ma ba sai mun je Japan neman labari ba. Dambe sana'ar gado ce ta mahauta, da kaka ake yin ta bayan an kai amfanin gona gida, hannu ɗaya naɗe da zare ɗaya na tsaro, kalangu na tashi, wanda ya kai ƙasa an kashe shi ke nan. Sunan Shago ya kai yau ne saboda Ɗan Anace ya waƙe shi. A kokawa, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko na ƙasa a Tawa a 1975, ga filin kokawar Maraɗi can da sunansa. Abin da yaranmu da yawa ba su sani ba kuma shi ne, a 1964, shekara huɗu kafin a fara zana Jo, wani ɗan Nijar ya yi dambe a cikin Tokiyon kanta. Isaka Dabore ke nan, wanda shi kaɗai ya wakilci ƙasar a wasannin Olamfik na shekarar, ya koma a 1968, sannan a 1972 ya ciyo tagulla a birnin Miyunik na Jamus. Ita ce lambar Olamfik ta farko da Nijar ta samu, kuma sai bayan shekara 44 aka samu ta biyu, lokacin da Abdul Razak Alfaga ya ciyo azurfa a wasan taekwondo a 2016. Dabore ya rasu a Disamban 2021. Da muka tambayi samarin da ke yi wa Jo kirari ko sun san shi, shiru suka yi.

Waƙa ta riƙe mana ranar nasarar ɗan dambe, ranar da ya yi kisa aka ɗaga shi sama ana liƙa masa kuɗi. Abin da ba mu ga an zauna an bi ba, a fim ko a zane, shi ne sauran kwanakin: wa ya biya mai ɗori da hannu ya karye, wace ce ta riƙe gidan da tallan fura lokacin da yake yawon garuruwa, ina ya ƙare da ƙarfi ya tafi. Masu shirya wasanninmu suna da 'yan wasa da Hausa da masu kallo, kuma kowace kasuwa daga Madarumfa zuwa Jibiya tana da tsohon ɗan dambe ko ɗan kokawa zaune a gefen rumfar wani. Ba a ce a daina ba mu dariya ba, shi kansa littafin Jo cike yake da ita.

Hutu ya ƙare, ɗanmu ya koma Maraɗi da wayarsa, gida ya koma kan Gidan Badamasi. Gardamar ko Jo ya mutu ba a raba ta ba, samari na cewa barci yake, iyayensu na cewa duk wanda ya taɓa wankan gawa ya san wannan murmushi. Shekaranjiya kuma aka nemi ɗankwalin wata daga cikin matan gidan aka rasa, za ta tafi kasuwa, sai can aka tsinci autanta ɗan shekara bakwai a bayan rumbu, ya naɗe hannunsa na dama da shi ya ɗaure da igiyar akuya, yana ta dukan buhun dusa.